Teɓa Da 'Yan'uwanta: Abin Da Ke Sa Dattawa Haki

A filinmu na kiwon lafiya na wannan wata za mu yi bayani ne a kan wani abu da ake fama da shi a gidaje da yawa, amma ba a ɗauke shi ciwo ba. Wato hakin da ke kama dattawa. Za ka ga mutum ɗan shekara sittin, wanda a da yakan riƙe garma tun sassafe har azahar, yau daga ƙofar gidansa zuwa masallaci sai ya tsaya a hanya ya dafa bango. Ko ka ga dattijuwa ta ɗauko bokitin ruwa daga bakin rijiya zuwa madafi, ta zauna tana mai da numfashi kamar wadda ta yi tsere. In ka tambaya sai a ce maka, "Ai tsufa ne."

Tsufa yana da nasa kason, wannan ba musu. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ai ga sa'o'insu nan da yawa suna zuwa gona da ƙafa, suna cin kasuwar ƙauye mai nisa, ba su haki. Sau da yawa in aka bincika, za a tarar mai hakin nan yana ɗauke da wasu cututtuka da suka haɗa kai a jikinsa, waɗanda galibin mutane ba su san suna da wata alaƙa da huhu ba.

Su wane ne waɗannan cututtuka?

Likitoci sun daɗe da lura cewa akwai wasu matsaloli da ba su cika zuwa ɗaya ɗaya ba. In ka ga ɗaya a jikin mutum, to ka duba da kyau, sauran na nan kusa. A shekarar 1988 wani likita Ba'amurke mai suna Gerald Reaven, na Jami'ar Stanford, ya yi bayanin cewa tushensu ɗaya ne. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar gane su, kuma a 2009 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya da na ciwon sukari suka daidaita a kan ma'auni guda. Da Turanci ana kiran wannan taron cututtuka metabolik sindirom. Mu dai a nan za mu kira su 'yan gida ɗaya, domin haka suke.

Su biyar ne. Na farko teɓa, wato kitsen da ke taruwa a ciki har ƙugu ya faɗaɗa. Na biyu hawan jini, daga 130 bisa 85 zuwa sama. Na uku yawan sukari a jini, wato in an auna mutum da safe bai ci komai ba a sami 100 ko fiye, ko kuma 5.6 a irin na'urar da ke lissafi da ƙananan lambobi. Na huɗu yawan wani irin maiƙo a cikin jini. Na biyar ƙarancin wani maiƙon mai amfani, wanda aikinsa shi ne kwashe mugun maiƙo daga hanyoyin jini. Duk wanda aka same shi da uku daga cikin biyar ɗin nan, to ya shiga sahu. A lura, ba sai ciwon sukari ya kama mutum sosai ba. Ana cewa mutum yana da ciwon sukari ne in awon safe ya kai 126, amma tun daga 100 ɓarna ta fara.

Tushen da Reaven ya yi magana a kai shi ne wani sinadari da jiki ke yi, mai suna insulin. Shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka, a ƙona shi a sami ƙarfi. In kitse ya yi yawa a ciki, kuma mutum ba ya motsa jiki, sai ƙofofin nan su yi tsatsa, mabuɗi ya daina buɗe su da sauƙi. Daga nan sukari ya taru a jini, hanta ta riƙa zubo maiƙo, ƙoda ta riƙa riƙe gishiri, jini ya hau. Kowa ya san ƙarshen wannan hanya: ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rabon da huhu ke samu.

Wani zai ce ai wannan ciwon 'yan birni ne, masu zaman ofis. A da haka ne, amma yanzu ƙauye ma ya canza. Tafiyar da ake yi a ƙasa ta koma kan babur. Daka da niƙa sun koma inji. Koko da ƙosai na safe sun sami kishiya, wato shayi mai sukari cokali huɗu da burodi. Ga taliya, ga farar shinkafa, ga lemon kwalba a kowane biki da suna. Sa'an nan dattijo in 'ya'ya suka tasa suka karɓe masa gona, sai ya koma zaman dakali, amma malmalar tuwon da yake ci lokacin da yake noma ba ta ragu ba. Haka nan uwar gida in ta yi surukai, aikin gida ya bar hannunta. Hutu ne da suka cancanta, amma jiki bai san wannan lissafi ba. Abin da aka ci ba a ƙona ba, ajiye shi yake yi.

Yadda huhu ke aiki

Kafin mu ga ɓarnar, bari mu san yadda abin yake in yana lafiya. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga huhu, ya ga laushinsa kamar soso. Ya kuma ga wani faffaɗan tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki, mai siffar ƙwarya a kife. Huhu da zuciya suna samansa, hanta da tumbi da hanji suna ƙarƙashinsa. To mu ma haka muke.

Huhu ba shi da tsokar da zai ja iska da kansa. Tantanin nan ne ke yin yawancin aikin, tare da tsokar da ke tsakanin haƙarƙari. In za ka shaƙi iska, sai tantanin ya sauka ƙasa ya tura kayan ciki, haƙarƙari ya buɗe, wuri ya samu, iska ta shigo. In ya saki, sai huhu ya koma yadda yake da kansa, iska ta fita. Kamar dai zugazugin maƙeri. Babban mutum yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya in yana zaune, wato wajen sau dubu ashirin a yini da kwana. Kowace shaƙa tana ɗaukar iska kimanin rabin lita, kwatankwacin ledar ruwan nan da ake sayarwa a tasha.

Iskar tana bin maƙogwaro ta rarrabu cikin hanyoyi kamar rassan bishiya, har ta kai ga wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ido ba ya gani. Yawansu ya kai miliyan 300 zuwa 500. Kowace jaka tana nannaɗe da siraran hanyoyin jini. A nan ne jini ke karɓar iska mai amfani, wato oksijin, ya sauke gurɓatacciya a fitar da ita.

Ƙarfin huhu yana kai ƙarshensa ne a tsakanin shekara 20 zuwa 25. Daga wajen shekara 35 sai ya fara raguwa kaɗan kaɗan kowace shekara, ko da mutum lafiyarsa ƙalau. Huhu yana rage talewa da komawa, kamar robar wando da ta sha wanki. Gaɓoɓin haƙarƙari suna yin tauri, tsoka tana rage ƙarfi, tari ma ba ya fita da ƙarfinsa na da. Amma Allah ya yi huhu da rara mai yawa, shi ya sa tsoho mai lafiya ba ya jin wannan ragi a harkarsa ta yau da kullum. Matsalar ita ce rarar tasa ba ta kai ta yaro ba. Abin da ɗan shekara talatin zai ɗauka bai ji ba, shi ne zai durƙusar da ɗan saba'in.

Teɓa ita ce babbarsu

A cikin 'yan gida ɗayan nan biyar, teɓa ta fi kowa cutar da huhu. A shekarar 2009 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Paris na ƙasar Faransa, inda aka auna numfashin mutum fiye da dubu 120. An tarar masu wannan taron cututtuka sun fi saura samun raunin numfashi, kuma da aka rarrabe biyar ɗin aka duba kowanne, faɗin ƙugu ne ya fi nuna wanda huhunsa ya raunana. Haka abin yake ga maza da mata, har da waɗanda ba su taɓa shan taba ba.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Kitsen teɓa ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake ba. Mafi sharrinsa yana can ciki ne, ya lulluɓe hanji da hanta, irin wanda ake yayewa a cikin ragon layya mai ƙiba. Wannan kitse yana cin wuri. Yana tura tantanin numfashi sama, ya hana shi sauka yadda ya kamata. Ga kuma kitsen da ke kan ƙirji yana danne haƙarƙari. Ka ɗora buhun gero a kan zugazugi ka ce wa yaron maƙeri ya zuga, ka ga yadda wuta za ta kasance. Mai teɓa numfashinsa gajere ne, sama-sama, kuma yana kashe ƙarfi mai yawa kafin ya sami iskar da wani ke samu a banza.

Gindin huhu, wato ɓangaren da ke kusa da ciki, shi ya fi shan matsi. Ƙananan hanyoyin iska da ke wurin sukan rufe, jini ya zo ya wuce bai sami oksijin ba. Ga tsofaffi abin ya fi muni, domin daga wajen shekara 65 waɗannan ƙananan hanyoyi sukan fara rufewa da kansu a ƙarshen kowane numfashi, ko babu teɓa. In teɓa ta zo ta ƙara, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan ga wanda ya bar wahalar gona ya koma hutu. Shi ya sa mai teɓa ya fi jin haki in ya kwanta rigingine, ko in ya sunkuya zai ɗaura takalmi, ko a ruku'u da sujada, ko bayan ya cika ciki da tuwon dare.

Bayan matsi, akwai wata ɓarnar ta ɓoye. A da an ɗauka kitse ajiya ce kawai, kamar hatsi a rumbu. Yanzu an gano kitsen ciki yana fitar da wasu sinadarai cikin jini masu haddasa kumburi a sassan jiki, kumburin da ba a gani, ba a kuma jin zafinsa. Hanyoyin iska na cikin wuraren da abin ke shafa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa asma ta fi kama masu ƙiba, musamman mata, har ma wadda ba ta taɓa yin ta a ƙuruciya ba sai ta same ta da girma. Kuma asmar mai ƙiba ta fi wuyar jin magani.

A nan sai mun faɗi wata gaskiya, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. A wurinmu teɓa alamar samu ce. In mutum ya fara ajiye ta sai a ce ya ji daɗi, hutu ya karɓe shi. Mace in ta rame a gidan miji a ce ba a kula da ita. Har ta kai wasu mata suna sayen ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe". Da yawa daga cikinsu irin maganin nan ne da ake kira deksametason. Wannan magani yana da amfani a hannun likita, amma in aka daɗe ana shansa yana tara kitse a ciki da fuska, ya hau da jini, ya hau da sukari, ya raunana garkuwar jiki. Wato mutum ya sa kuɗinsa ya sayo 'yan gida ɗayan nan gaba ɗaya.

Sai dai a kula, ba kowane babban ciki ba ne teɓa. In cikin mutum ya kumbura cikin 'yan makonni, ya yi tauri yana sheƙi, alhali hannuwa da fuska suna ramewa, wannan yana iya zama ruwa ne ya taru saboda ciwon hanta ko na zuciya. Asibiti za a nufa da shi.

Abin da sukari ke yi

Sukari in ya daɗe da yawa a jini yana manne wa zaren naman jiki ya sa shi tauri, kamar fatar da aka shanya ba a jeme ba. Huhu kuwa aikinsa talewa ne. Haka kuma sukari yana lalata siraran hanyoyin jini. An san yana yin haka a ido da ƙoda da ƙafa, to huhu ma cike yake da irin waɗannan hanyoyi. In bangonsu ya yi kauri, oksijin ba ya ratsawa da sauƙi. In aka auna masu ciwon sukari, akan tarar iskar da huhunsu ke ɗauka ta ɗan gaza ta sa'o'insu marasa ciwon. Ragin ba shi da yawa, shi kaɗai ba zai kwantar da mutum ba, amma in ya haɗu da tsufa da teɓa sai a ji shi.

Babban haɗarin sukari ga huhu shi ne yadda yake karya garkuwar jiki. Sojojin jini masu yaƙi da ƙwayoyin cuta ba sa aiki sosai a cikin jini mai sukari. Don haka mura kan zarce ta zama ciwon haƙarƙari, wato nimoniya, kuma ta fi yi wa mai sukari tsanani. An ga misalin wannan a annobar korona ta shekarar 2020, inda a ko'ina cikin duniya waɗanda cutar ta fi kashewa su ne tsofaffi da masu sukari da hawan jini da ƙiba.

Amma mu a nan abin da ya fi kusa da mu shi ne tarin fuka, wato tibi. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar a kwance a jikinsu shekara da shekaru, garkuwar jiki ta danne ta. Ranar da garkuwa ta yi rauni sai ta farka. Mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da tarin fuka ninki biyu zuwa uku, kuma nasa ya fi wuyar warkewa in ba a daidaita sukarin ba. Saboda haka duk mai sukarin da ya yi mako biyu yana tari, ko yana zazzaɓin dare da gumi, ko yana ramewa, ya je a gwada majinarsa. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware don haka, kuma maganin wata shida ake sha ba fashi. Haka nan duk dattijon da aka samu da tarin fuka, ya roƙa a auna masa sukari. Dattijon da ke tari a ɗaka ba kansa kaɗai yake cutarwa ba. Jikokin da ke kwana a ɗakinsa, su ne na farkon ɗauka.

Hawan jini da ruwa a huhu

Zuciya da huhu maƙwabta ne na ƙut da ƙut. Duk jinin da ke jiki sai ya bi ta huhu ya ɗauki oksijin, ya dawo ɓangaren hagu na zuciya, daga nan a harba shi sauran jiki. In jini ya hau, zuciya tana harbawa ne da wahala, kamar mai tura kura a kan tudu. Shekara da shekaru a haka sai namanta ya yi kauri da tauri, daga baya ta gaji. In ta kasa kwashe jinin da ke dawowa daga huhu, sai ya taru a baya kamar ruwan da aka tare wa hanya, ya riƙa tsattsafowa cikin jakunkunan iska.

Alamun wannan a bayyane suke ga wanda ya san su. Mutum ba ya iya kwanciya sai ya tara matashin kai biyu ko uku, ko ya kwana a jingine. Yakan farka tsakar dare numfashi ya sarƙe, ya tashi ya nemi bakin taga. Ƙafafu suna kumbura, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa. Akwai tari, wani lokaci da kumfa. Sau da yawa a gida sai a ce sanyi ne ya kama shi, ko asma, a yi ta sayen maganin tari a kemis ana dafa citta da kanumfari. Alhali ciwon a zuciya yake, kuma akwai magungunan da ke janye ruwan su sauƙaƙa wa zuciya aiki, in an je da wuri.

Munshari

Wannan kuwa matan gida sun fi masu yin sa sanin labarinsa. Mai kaurin wuya da teɓa in ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki ya toshe hanyar iska. Za a ji yana munshari mai ƙarfi, can sai a ji tsit, numfashi ya tsaya na daƙiƙa goma ko fiye, sa'an nan ya yi wata irin shaƙuwa ya ci gaba. Wani yakan yi haka sau talatin ko fiye a awa ɗaya bai sani ba. Duk tsayawar nan oksijin na raguwa a jini, jiki ya firgita, jini ya hau. Da safe ya tashi da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi a majalisa ana yi masa dariya. Ba abin dariya ba ne, balle in direba ne. Wannan matsala tana ƙara hawan jini da sukari, su kuma ƙiba tana ƙara ta. Rage teɓa da kwanciya a gefe maimakon rigingine suna taimakawa, kuma a manyan asibitoci akwai na'urar da ake sawa a hanci da dare.

Teɓa tana kuma matsa tumbi ta turo ruwan tsami sama, wato ƙwannafi. In mutum ya kwanta da cikakken ciki, ruwan kan taɓa maƙogwaro ya jawo tarin dare. Maganin farko shi ne a ci tuwon dare da wuri, a bar awa biyu ko uku kafin a kwanta.

Ga hayaƙi, ga ƙura

Duk abin da muka faɗa yana faruwa ne a kan huhun da dama can ya sha wuya. Dattijuwar ƙauye ta yi shekara arba'in ko hamsin tana shaƙar hayaƙin itace da kara a madafi marar taga. Namiji ya sha ƙurar sussuka da shiƙa, wani ga taba. Kowace shekara kuma hunturu na zuwa da hazo, ga wutar da ake hurawa a ɗaka a rufe ƙofa don jin ɗumi. Hayaƙi na shekaru yana ƙuntata hanyoyin iska ƙuntatawar da ba ta komawa. Mai wannan ciwo in ya motsa sai haki, don haka sai ya daina motsi. In ya daina motsi teɓa ta ƙaru, tsoka ta narke, sukari ya hau, hakin ya ƙaru. Haka abin zai yi ta zagayawa har mutum ya koma daga ɗaki sai zaure.

Wani abin lura game da magani. Akwai ƙwayar da ake kira firedinisolon, 'yar'uwar deksametason ce, wadda masu haki kan saya a kemis domin tana buɗe ƙirji da sauri. Likita kan ba da ita na 'yan kwanaki in ciwo ya tashi. Amma wanda ya mai da ita abin sha kullum, zai sami sauƙin yau ya biya da sukari da hawan jini gobe. Haka kuma wani maganin hawan jini, irin su lisinofiril, yana sa wasu mutane busasshen tari. Wani kuma, irin su furofaranolol, yana tayar da asma. Wanda ya ga haka kada ya yar da magani ya zauna. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa a canza masa wani, domin iri-iri ne.

Me za a yi?

Awon farko ba ya bukatar ko kwabo. A sami igiya a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke. A ninka ta biyu, a zagaya ta a cikinsa, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, wato dab da saman cibiya. Kada ya shaƙe ciki. In bakin igiyar biyu suka haɗu, madalla. In suka kasa haɗuwa, ƙugunsa ya wuce rabin tsawonsa, teɓa ta yi yawa ke nan. Mai son lamba ya ari tef ɗin tela: ma'aunin da ake amfani da shi a ƙasashenmu shi ne kada namiji ya kai santimita 94, wato inci 37, mace kuma kada ta kai santimita 80, wato inci 31 da rabi. Wannan awo ya fi sikeli faɗin gaskiya, domin akwai mai siraran hannuwa da ƙafafu, nauyinsa daidai, amma ga ciki a gaba.

Awon jini ana yin sa a ƙaramin asibiti na kusa, na sukari ma haka a wurare da yawa. Duk wanda ya wuce shekara arba'in ya kamata ya yi su ko sau ɗaya a shekara, ko yana jin lafiya, domin hawan jini ba ya sallama. Awon maiƙo sai babban asibiti. Shi kuwa ƙarfin huhu, akwai na'urar da ake busawa da iyakar ƙarfi ta nuna yawan iskar da mutum ya fitar da saurinta. Ana samunta a asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya.

Labari mai daɗi shi ne matsin da teɓa ke yi wa huhu yana sauka in teɓar ta sauka. Ba sai mutum ya koma kamar saurayi ba. Mai kilo 90 in ya rage kilo 5 zuwa 9, jininsa da sukarinsa za su nuna, numfashi ma zai ji sauƙi. Kuma kitsen ciki yana cikin wanda ke saurin tafiya in aka fara motsi.

Motsin da ake nufi ba gudu ba ne. Tafiya ce da ɗan sauri, ta minti talatin, kwana biyar a mako. Wanda ba zai iya ba ya fara da minti biyar ko goma, ya riƙa ƙarawa. Ma'auninsa shi ne ya ji numfashi ya ɗan ƙaru amma yana iya magana. Dattijo ya ajiye babur ya taka zuwa gona ko masallacin Juma'a. Dattijuwa ta zaga tsakar gida, ta yi shara, ta je gidan 'yan'uwa da ƙafa. 'Ya'ya kuma su daina ƙwace wa iyaye kowane ɗan aiki da sunan tausayi. Ranar da hazo ya yi yawa a rufe hanci da rawani ko mayafi, ko a jira ya lafa. Wanda ke da kumburin ƙafa ko ciwon ƙirji ya ga likita kafin ya fara.

Wajen abinci, abin da muka gada ya fi abin da muka aro. Tuwon dawa da gero da ba a surfe su fes ba, wake, acca, zogale, rama, kuka, kuɓewa, yakuwa, duk suna da kyau. A rage malmala a ƙara miyar ganye. A rage sukari a shayi da koko da fura. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari cokalin shayi bakwai ko fiye. A rage mai da soye-soye da kitsen nama. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da ɗunƙulen miya da kanwa, don su ma suna hau da jini. Daddawa da albasa da tafarnuwa suna ba miya ɗanɗano ba tare da an cika gishiri ba. Mai shan taba ya bari, ko shekarunsa nawa, domin daga ranar da ya bari saurin lalacewar huhunsa ke raguwa. A fitar da murhu waje ko a huda wa madafi taga, a yi girki da busasshen itace, kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu. In dattijo yana haki alhali yana zaune, ko ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓunansa da harshensa sun canza launi sun yi duhu, ko yana tarin jini, ko ƙirjinsa na ciwo kamar an ɗora dutse, ko ya rikice yana sambatu tare da zazzaɓi, a nemi mota nan take. Haka nan in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo bayan doguwar tafiya a mota ko doguwar jinya a kwance, sa'an nan haki ya zo farat ɗaya, wannan yana iya zama gudan jini ne ya tafi huhu. A hanya a bar shi a zaune a jingine, kada a kwantar da shi, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. A haɗa duk magungunan da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a sa a leda a tafi da su a nuna wa likita.